Lambun Idi Ba'adare da Hannun da Na Ɗaga

Mustafa, kai ka kawo maganar, don haka da kai zan fara, amma Zainabu da sauranku ku ma ku buɗe kunne. Ka zo hutu daga Tawa, ka zaunar da ni a gindin mangwaron tsakar gida, ka yi ta kewaye-kewaye kafin ka fito da abin da ke bakinka. Wai za a aurar da autar Kawunku Hamidu bayan an yanke shinkafa, wai mutanen gidansa sun yarda in zo in zauna a matsayina na gwaggon amarya, amma sai na tsaya a gaban dangi na ce na yi wa marigayi Kawunku ba daidai ba. Ka ce magana ce guda, ba ta rage ni da komai. Ranar ban ba ka amsa ba don na san halina, in na buɗe baki da zafi sai maƙwabta sun leƙo. To ga amsar, ku karanta a natse, don duk abin da kuka sani game da waccan shekara a bakin wasu kuka ji shi.

Shekarar da ake magana ita ce wadda aka fara ba ƙananan garuruwa irin namu damar zaɓen majalisar kwamin, wato ƙaramar hukuma, da magajin gari. Ni lokacin na ajiye alli ke nan, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina koyarwa a lakwal ɗin garinmu. Kun san zaman garin: in ka tsaya a bakin kogi kana hango hayaƙin girkin mutanen Benin, in ka hau babur kuma kafin rana ta yi zafi kana kasuwar Kamba. Rediyon Najeriya ya fi na Yamai shigowa gidajenmu da ƙarfi. Mutumin garinmu ya san rigimar majalisar Birnin Kabi tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi yadda ake naɗa gwamnan Doso sai ya sosa ƙeya. Ban faɗi haka don raini ba, ni ma da waccan tashar nake shan kunun safe.

Kawunku Hamidu wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba. Da ƴan uwan Baba suka ce a cire ni daga lakwal, shi ya tsaya a zaure yana saurayi ya ce sai dai a bi ta kansa. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce muku ban san darajarsa ba. Fatauci yake yi, busasshen kifi da albasa, yau yana Malanbil gobe yana Kamba. Shi ya zo har gida ya ce zai tsaya takarar konseye, wato ɗan majalisar kwamin, kuma da ni za a yi.

"Hadiza, an ce dole sai an sa mata a cikin ƴan takara. Ke ce mai boko a gidanmu. Ba wani aiki ba ne, in kin ga na ɗaga hannu ki ɗaga."

"To, Yaya," na ce, ina dariya. Na ɗauka tsokana ce irin tasa, ashe har zuciyarsa yake nufi.

Yanzu bari in gaya muku ko wane ne Idi, don ku da tsufansa kuka san shi. Daga Adar ya gangaro a wata shekarar yunwa, shi da matarsa da ƙullin irin albasa a bakin zane. Fadamar bayan gari a lokacin ba ta kowane gida ba ce, ta jama'a ce, ƙaya ce da sabara, can ake jefar da mushen jaki. Maigari ya ce in yana iyawa ya shiga. Ya sassabe, ya gina rijiya da hannunsa, ya ja fangali. Mu mutanen kifi da shinkafa muna wucewa muna yi masa dariya, wai Ba'adare na ba ƙasa ruwa da rani. Daga baya wasu ƴan uwansa suka biyo shi, da wasu Zabarmawan arewa. Ƴaƴansu a garin aka haife su, Dandanci, yaren garinmu, a bakinsu ya fi nawa daɗi, kuma kusan dukansu sun ci bulalata a aji. Ba wanda ya ce da su baƙi sai ranar da manyan motoci suka fara tsayawa a bakin fadama suna lodin albasa zuwa Kwatano.

A tsakar gidan Inna na fara jin maganar, bayan azahar, muna cin shinkafa da miyar kifi. Yaya ya wanke hannu ya gyara zama.

"Can Kabi, in ba ɗan jiha ba ne kai, ko aikin gadi ba ka samu a gwamnati sai ka nuna asalinka. Jiharsu ce, dokarsu ce. Mu kuwa mun zauna baƙi na cinye mana fadama. Yanzu da aka ba mu kwamin mu ma mun zama masu kanmu. Za mu yi doka, lambun fadama na ɗan asalin gari ne kawai. Wanda ya zo daga wani wuri ya kwashe albasar bana ya ba mu wuri."

Na ajiye cokali. Abin da na yi shekara da shekaru ina koya wa yara ke nan a darasin zaman ɗan ƙasa, sai ga shi a bakin wana a karkace. Na ce masa Najeriya tarayya ce. Kamar babban gida ne da kowane magidanci ke da rumbunsa da tukunyarsa, amma zaure ɗaya ake shiga. Su suke zaɓen gwamnansu, suna da majalisar jiha mai yin dokoki, amma soja da kuɗin ƙasa da iyaka da duwan, wato kwastan, duk na gwamnatin tsakiya ne, kuma ba jihar da dokarta ke hawa kan kundin tsarin mulki. Mu kuwa tukunya ɗaya ce, daga Yamai ake naɗo gwamna, majalisar dokoki guda ce ga ƙasa duka. Kwamin an ba ta kasuwa da rijiyoyi da shara da gyaran aji, ba a ba ta ikon ware ɗan ƙasa daga ɗan ƙasa ba. Na ƙara da cewa ko can ɗin da yake misali da su, nasu kundin ya hana a ware mutum saboda asalinsa, abin da ya gani a Kamba hali ne na mutane, ba koyarwar kundi ba.

"Madam ta buɗe aji," in ji shi. "Sai a kawo mana allo."

Inna tana gefe tana tsince ƙayar kifi, don haƙoranta sun tafi. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Hamidu, kakanka da kwalekwale ya ƙetaro daga waccan gaɓa, da taru ɗaya. Ba wanda ya tambaye shi daga ina."

"Inna, wannan tun kafin Nasara ya ja iyaka ne."

Na san akwai masu cewa saboda wannan zancen kakan na yi abin da na yi, wai tsoro nake kada a tono namu asalin. Ƙarya ne. Ko da kakanmu daga ƙasan fadamar nan ya tsiro kamar gamba, Idi ɗan Nijar ne, kuma ɗan Nijar yana da ikon zama da neman abinci a duk inda ya ga dama cikin ƙasarsa. A kan wannan na tsaya, ba a kan kwalekwalen kowa ba.

Da Yaya ya fita, Inna ta jawo ni kusa. Ita ce ta fi ba ni wuya a duk wannan al'amari, don ba faɗa ta yi mini ba.

"Ɗiyata, gaskiya na wurinki, na ji. Amma wanki ne. Mace ba ta tsinka wanta a gaban maza. Ranar taron ki ɗaure kai ki kwanta, in aika a ce zazzaɓi ne. Ba ki ɗaga masa ba, ba ki ƙi shi ba."

Wallahi na so shawarar nan. Na yi ta juya ta a raina ina jin daɗinta, don hanya ce mai sauƙi kuma ba wanda zai zarge ni. Ina cikin haka ne, ruwan sama ya ɗauke, wata safiya ina shara sai ga sallamar Idi. Ya ƙi shigowa, ya tsuguna a bakin ƙofa da hularsa a gwiwa. Maganar ta riga ta zaga gari, har an fara nuna fangalinsa da baki ana cewa na wane ne baɗi. Na zaci roƙo ya zo yi, ashe tambaya ce.

"Madam, ba ƙara na kawo ba. Lokacin zuba iri ne ya yi. In na zuba aka tashe ni kafin dashe, na yi asarar irin, kuma shi ke gare ni, tun wanda na zo da shi nake ajiye jikokinsa. In ban zuba ba kuma shekara ta wuce ni. Ke kina cikinsu. In zuba ko in bari?"

Na tsaya da tsintsiya a hannu. Mutumin nan furfura ta cika masa gemu a garinmu, iyayen wasu konseyen ma shi ya taya haƙa kabarinsu, yau shi ne a tsugune yana tambayar izinin zuba irinsa. Raina ya ɓaci.

"Malam Idi, je ka zuba."

"In zuba?"

"Na ce ka zuba."

Ya sa hularsa ya tafi. Daga wannan lokaci zancen zazzaɓi ya ƙare, don mutum ya zuba irinsa a kan maganata.

Ba a gina ofishin magajin gari ba tukuna, saboda haka a lakwal ake zaman majalisa, a ajin da na fi daɗewa ina koyarwa. Manya-manyan mutane da manyan riguna a matse a bencin yara, wasunsu a bencin da suka zauna suna ƙanana. Da na iso na tarar da Yaya a bakin ƙofa, na durƙusa har ƙasa na gaishe shi kamar kullum, ya amsa da fara'a. Aka buɗe da addu'a, ya tashi ya kawo maganarsa, kuma ya iya magana, Allah ya jiƙansa. Ya ambaci samarinmu da ke tafiya Kwatano dako don ba su da wurin noma, kuma wannan gaskiya ne, ban taɓa musu ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Magajin gari ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi ko'ina. Yaya ya waiwayo ya dube ni, nawa suna kan cinyata.

"Akwai wanda bai yarda ba?" in ji magajin gari, ya riga ya fara naɗe tabarmar zancen.

Na ɗaga hannu, na kuma miƙe tsaye.

"Zauna, Hadiza," in ji Yaya, a hankali.

"Yaya, a gida in ka ce in zauna, ko a kan ƙaya ne zan zauna. Nan kuwa mutane ne suka zaɓe ni kamar yadda suka zaɓe ka, kuma cikin waɗanda suka zaɓe mu har da Idi."

Na ce musu in wurin noma ne ya yi kaɗan, fadama ba ta ƙare ba, ga gefen gabas can ƙaya ce har yanzu, mu nemi a gina rijiyoyi a raba wa samari, zan sa hannu da gudu. In wani ya ci iyakar wani, a auna a mayar. Amma mu ce wane ya tashi don an haifi ubansa a Adar, wannan ba mu da ikonsa. Mu ba jiha ba ne, ba mu da majalisar yin doka, kuma ko majalisar Yamai ba ta isa ta yi wannan ba sai ta taka kundin da ya kafa ta. Wani magidanci daga baya ya ce ashe Adarawa sun ba ni albasa na ci. Na ce masa ya bari mu gama, ni da shi, don na san shi tun yana kasa haɗa biyu da biyu a bencin nan da yake zaune. Aka yi ƴar dariya, amma ba ta sauya komai ba. Sun fi ni yawa, magana ta wuce.

Ƙa'ida ita ce duk abin da majalisar kwamin ta yanke sai an kai wa perfe, wakilin gwamnati a Gaya, ya duba ko ya dace da doka. Su ma sun san haka. Sai na ji ana gaya wa sakatare ya rubuta cewa gyaran rabon lambu aka yi, kada ya ambaci asali. A nan ne na gane ba rashin sani ne kaɗai ba. Na ce a rubuta abin da aka faɗa da bakin da aka faɗe shi, a kuma rubuta cewa Hadiza ta ƙi. Washegari na hau kabu-kabu na tafi Gaya da kaina, da rana tsaka, ta tsakiyar kasuwa, don kada a ce na je a ɓoye. Na gaya wa perfe abin da ya faru daga farko har ƙarshe. Ba a jima ba ya mayar da hukuncin, ya ce ya saɓa wa doka, ba ya aiki. Idi ya yi dashe a kan lokaci.

Abin da ya biyo baya kun ga wani, ba ku ga wani ba. A gari aka sa mini suna Madam Kundi. In na shiga gidan suna sai mata su ja tabarma su matsa. Da zaɓe ya zagayo ba wanda ya sake sa sunana, ban kuma roƙa ba. Duk wannan bai hana ni barci ba. Abin da ya ci mini rai kwanon Sallah ne. Kowace Sallah nakan dafa wa Yaya shinkafa da zabi, yadda yake so, da yaji ya ji. Waccan shekara kwanon ya dawo da murfinsa yadda na rufe shi. Ban fasa aikawa ba, shi ma bai fasa mayarwa ba, har kuka girma kuna ganin kamar al'ada ce. Inna ta rasu tana raba mana ranakun zuwa gaishe ta don kada mu haɗu. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi.

Idi ma sai da na ɓata masa. Da ya cire albasa ya aiko mini da buhu, manya-manya, ja wur. Na mayar. Ya zo da kansa, ransa a jagule.

"Madam, na yi laifi ne?"

"Ba ka yi ba. Amma in na karɓa, ya zama alfarma na yi maka. Ba alfarma ba ce, haƙƙinka ne. Ka kai kasuwa, in na zo saye ka cika mini mudu."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Ya daɗe yana gaishe ni sama-sama kafin ya huce.

Da ciwon ajali ya kwantar da Yaya na je, ban jira an kira ni ba. Matansa suka yi cirko-cirko a tsakar gida, na wuce su na shiga. Ya rame ƙwarai. Na durƙusa na gaishe shi, ya dube ni.

"Kin kunyata ni a gaban mutane, Hadiza."

"Na sani, Yaya."

"Da za a sake, za ki sake?"

Na so in yi masa ƙarya, don ina son sa, kuma na ga tafiya zai yi. Amma shi ya tsaya a zaure don in yi karatu, ba zan saka masa da ƙarya a kan gadonsa ba.

"Zan sake, Yaya."

Ya rufe ido. Na ga gefen bakinsa ya motsa, ban sani ba ko murmushi ne ko zafin ciwo, kuma ba zan ƙara wa mamaci abin da bai faɗa ba. Ya ce in gyara masa matashi. Na gyara. Ya ce in tashi in tafi, na tafi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Mustafa, a gindin mangwaro ka ce mini wani abu da ka zaci zai rufe mini baki. Ka ce kundin da na rabu da ɗan uwana a kansa yana ina yanzu, ai an jingine shi, an rubuta wani, shi ma an jingine. Haka ne, a idona aka yi. Na ga an rubuta, na ga an ajiye, fiye da sau ɗaya. Amma ni ba takarda na tsaya wa ba. Na tsaya ne a kan cewa ƙasar nan ɗaya ce, kuma ɗanta ba ya zama baƙo a cikinta, kuma duk wanda ya hau mulki a Yamai, da farin kaya ko da kaki, ban ji wanda ya fito ya ce ba haka ba ne. In manya sun yi wasa da kundi a sama, wannan bai ba mu izinin mu yi wasa da shi a fadama ba. Kai da kake wannan magana, ina ka gina gidanka? A Tawa, tsakiyar Adar, garin su Idi. Can ka sayi fili, can aka haifi ƴaƴanka, har kana yi mini alfahari da ƴan bishiyoyin lemon da ka dasa. Ranar da wasu za su zauna a wani aji su ce ɗan Dandi ya kwashe nasa ya koma bakin kogi, me za ka so? Za ka so a samu ko mutum ɗaya a cikinsu da ba zai kwanta zazzaɓi ba.

Saboda haka ka gaya wa mutanen gidan Kawunka zan zo bikin. Yarinyar nan jinina ce, ni zan wanke ta, ni zan raka ta ɗakinta, in sun ga dama su ja tabarma su matsa, na saba. In suna so in tsaya a gaban dangi in ce ina son Hamidu, in ce rabuwarmu ta ci mini rai, in roƙa masa gafarar Allah, zan faɗa da ƙarfi har na waje su ji. Amma in ce na yi kuskure, a'a. Shi kansa ya tambaye ni yana kan gadon mutuwa ban ce ba, ba zan zo in faɗa wa matansa don a ba ni wurin zama ba. Albasar miyar bikin kuma kada kowa ya saya, na riga na yi magana da jikan Idi, daga lambun nan za a ciro ta, kuma da kuɗina zan biya.